Gwanjon Kwabo a Intanet: Wa Ke Biyan Kuɗin Arahar?

Tsakanin shekarar 2009 da 2012 wata irin talla ta cika gidajen talabijin da shafukan intanet a Amurka da Turai. Za a nuno mace cike da fara'a riƙe da sabuwar kwamfuta, ko magidanci tsaye kusa da ƙatuwar talabijin, a ce sun mallake su a kan kuɗin da bai wuce na cefanen yini ɗaya ba. Ragin kashi 90 cikin ɗari, wani lokacin har 95. Abin da zai ɗaure wa mutum kai shi ne, sau da yawa tallar ba ƙarya take yi ba. Matar tana nan, kwamfutar ta iso gidanta, kuma farashin da aka rubuta shi ne wanda gwanjon ya tsaya a kansa. Abin da tallar ba ta taɓa faɗa ba shi ne yawan mutanen da suka zuba kuɗinsu a wannan gwanjon suka tashi hannu rabbana, da kuma nawa ita kanta matar ta kashe kafin a sallama mata.

Wannan harka ita ce gwanjon kwabo, wato gwanjon da kowane tayi ke ƙara wa farashi kwabo ɗaya tak. Kasuwarta ta ja baya yanzu, amma ba ta mutu ba, kuma dabarar da aka gina ta a kai ta cancanci a san ta, domin duk mai waya a hannu zai iya cin karo da ita da wani sabon suna.

A gwanjon da kowa ya sani, tayi kyauta ne. Dillali ya ɗaga kaya, wannan ya taya, wancan ya ƙara, wanda ya fi kowa tayi a sallama masa, sauran su koma gida da kuɗinsu a aljihu. Haka shafin gwanjo na eBay ke aiki tun daga 1995. A gwanjon kwabo kuwa tayin kansa ake sayarwa. Kafin ka shiga sai ka sayi ƙunshin tayi, wataƙila guda 50 ko 100, kowanne a kan misalin senti 60 na dalar Amurka. Kayan yakan fara daga sifili. Ka danna maɓalli, an cire maka senti 60 wanda ba zai dawo ba, farashin kayan kuma ya ƙaru da senti 1. Wani ya danna, shi ma an cire masa, farashi ya koma senti 2.

Sannan akwai agogo, kuma a nan dabarar take. A eBay idan an ce za a rufe da ƙarfe tara, ƙarfe taran za a rufe. A nan kuwa agogon yana ƙirgawa zuwa sifili, amma duk wanda ya taya a ƙurarren lokaci sai a ƙara sakan 10 ko 15 ko 20. Saura sakan 2, wani ya danna, agogo ya koma baya. Saura sakan 1, wani ya danna, ya sake komawa. Gwanjon ba ya ƙarewa sai kowa ya gaji ko tayinsa ya ƙare, a bar mutum ɗaya shi ne na ƙarshe da ya danna. Shi zai biya farashin da ke kan allo, da kuɗin aikowa a wasu shafukan, a kawo masa kaya. Sauran kuwa sun biya kuɗin dannawa ne kawai.

Lissafin da ba a nunawa a talla

Mu ɗauki misali na ƙiyasi don a ga yadda kuɗin ke tafiya. A ce kwamfutar hannu ce da ake sayarwa dala 500 a kanti. Aka sa ta a gwanjo, aka rufe a kan dala 40. Gobe za a buga talla cewa wani ya samu ragin kashi 92 cikin ɗari. To amma kafin farashi ya kai dala 40 da ƙarin senti ɗaiɗai, sai an taya sau 4,000. Tayi 4,000 a kan senti 60 ya kama dala 2,400. A haɗa da dala 40 ɗin da mai nasara zai biya, kamfani ya karɓi dala 2,440 a kan kayan dala 500. Idan kuma kowane tayi ya ɗauki sakan 10, an shafe fiye da awa 11 ana wannan fafatawa.

A duba ta wata fuskar. Yaushe kamfanin zai mayar da uwar kuɗinsa? Kowane tayi yana kawo masa senti 61, wato 60 na dannawa da 1 na ƙarin farashi. Tayi 820 ya isa ya cika dala 500. Ke nan da zarar allo ya nuna dala 8 da senti 20, kamfani ya riga ya fanshe kayansa, duk abin da ya biyo baya riba ce tsantsa. Mai kallo yana ganin kwamfutar dala 500 a kan dala 8 yana cewa ai wannan kyauta ce, alhali a daidai wannan lokacin jama'ar da ke wurin sun gama biyan cikakken kuɗinta.

Don haka lambar da ke kan allo ba farashi ba ce a ma'anar da muka sani. Ƙidayar dannawa ce kawai. Duk mai son sanin ainihin abin da aka sayar da kaya sai ya ninka wannan lamba sau 61. Wannan ɗan lissafi shi ne abin da ya fi komai muhimmanci a cikin maganar, kuma babu shafin da ke rubuta shi kusa da hoton kayan.

Ba kowane gwanjo ne ke kai wa haka ba, gaskiya ce. Akwai waɗanda ke rufewa da wuri, a lokacin da mutane suka yi ƙaranci ko kowa ya tsaya jiran wani ya danna har agogo ya cika. A irin waɗannan kamfani asara yake yi, kuma mai rabo ya kwashi garaɓasa ta gaske. Amma wannan asarar ba ta tafiya a banza. Ita ce ke samar da hotunan da za a yi talla da su, su jawo sababbin mutane dubu da za su biya kuɗin wancan rabon har da ƙari.

Daga Munich aka faro

Kamfanin da ya shahara da wannan salo a Jamus ya fara, a birnin Munich, a shekarar 2005, da sunan Telebid. Daga baya ya koma Swoopo, ya bazu zuwa Birtaniya da Sifaniya, ya shiga Amurka a 2008. A Amurka an taɓa sayar da tayi ɗaya a kan senti 75, kuma a yawancin gwanjonsa yakan ƙara wa farashi senti 15. Daga baya aka sauke kuɗin tayi zuwa senti 60. Waɗanda ake ƙara senti 1 su ne suka fi jan hankali, su ne kuma suka ba harkar sunanta. Kamfanin bai ɓoye abin da yake ganin yana sayarwa ba, domin sunan uwar kamfanin kansa yana nufin sayayya don nishaɗi.

Tun da wuri masu lura suka gane inda aka dosa. A watan Disambar 2008 Jeff Atwood, wani sanannen mai rubuta manhajar kwamfuta, ya bayyana tsarin a matsayin mafi kusa da zallar mugunta da ya taɓa gani a fasalin kasuwanci. A 2009 Richard Thaler, masanin tattalin arzikin da ya samu lambar Nobel a 2017, ya yi rubutu a jaridar New York Times yana nuna yadda shafin ke cin riba daga raunin tunanin ɗan Adam. Wannan bai hana masu zuba jari ba. A shekarar ce kamfanin August Capital na Amurka ya zuba wa Swoopo dala miliyan 10, kuma masu kwaikwayo suka fito da yawan gaske: QuiBids a birnin Oklahoma, DealDash daga Finland, MadBid a Birtaniya, da ɗaruruwan ƙanana da ko shekara ba su yi ba suka ɓace. Shi kansa Swoopo a watan Maris na 2011 uwar kamfaninsa ta shigar da takardar karyewa, shafin ya rufe.

Me ya sa mai hankali ke ci gaba da dannawa?

Wannan tambayar ce ta fi damuna, domin mafi yawan masu shiga ba wawaye ba ne. Sun iya lissafin cefanensu, sun san ƙimar kuɗi. Amsar ta girmi intanet.

A 1971 wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Yale, Martin Shubik, ya wallafa bayanin wani wasa da ya kira gwanjon dala. Za a sa takardar dala ɗaya a gwanjo, ana ƙara senti 5. Wanda ya fi tayi ya karɓi dalar. Sharaɗi ɗaya ne aka ƙara: wanda ya zo na biyu shi ma zai biya abin da ya taya, ba tare da ya samu komai ba. Da farko kowa na murna, wa zai ƙi dala a kan senti 10? Amma da tayi ya kai senti 95 sai lamarin ya canza. Wanda ya tsaya a senti 90 yana ganin idan ya yi shiru ya yi asarar 90, idan ya taya dala ɗaya cif ya tashi ba riba ba asara. Sai ya taya. Shi kuma mai 95 ya ga gara ya taya dala ɗaya da senti 5, ya yi asarar senti 5, da ya yi asarar 95. Daga nan babu sauran mai neman riba. Kowa na ƙoƙarin rage asara ne, kuma kowane yunƙuri na rage ta ƙara ta yake yi. Max Bazerman na makarantar kasuwanci ta Harvard ya daɗe yana yin wannan wasa da ɗalibansa da takardar dala 20, kuma an taɓa kai ta dala 204. Waɗannan ɗalibai ne da ake koya wa sarrafa dukiyar manyan kamfanoni.

Gwanjon kwabo ya ɗauki wannan tarko ya faɗaɗa shi. A wasan Shubik mutum biyu ne ke biya. A nan duk wanda ya danna ko sau ɗaya ya biya. Mutumin da ya riga ya kashe dala 60 a kan kwamfuta ba ya tambayar kansa ko tayi na gaba ya cancanci senti 60. Tambayar da ke zuciyarsa ita ce, yanzu in tashi in bar dala 60 ta tafi a banza? Alhali dala 60 ɗin ta riga ta tafi, ko ya zauna ko ya tashi. Tayi 100 da ya yi a baya ba su ba shi wani matsayi ba. Wanda ya shigo yanzu da tayinsa na farko daidai yake da shi, har ma ya fi shi, tunda aljihunsa bai taɓu ba.

Ned Augenblick na Jami'ar California da ke Berkeley ya auna wannan da alƙaluma. A binciken da ya wallafa a mujallar Review of Economic Studies a 2016, ya bi diddigin gwanjo 166,000. A lissafi, da kowa na aiki da hankali tsantsa, bai kamata mai shafin ya samu wata riba ta a zo a gani ba, domin mutane za su daina tayi da zarar tayin ya daina biya. Abin da ya gano shi ne matsakaiciyar ribar ta wuce kashi 50 cikin ɗari. Ya kuma nuna cewa gwargwadon abin da mutane suka riga suka kashe, gwargwadon wahalar janyewarsu. Ma'ana, a jimlace jama'ar da ke tayi suna biyan fiye da dala ɗaya da rabi a kan duk kayan dala ɗaya. Kasuwar da aka tallata da sunan araha ta fi kanti tsada, sai dai an rarraba tsadar a kan mutane da yawa ta yadda babu wanda ya ga jimlarta.

Agogon kuma yana nasa aikin. Sakan 10 ba su isa mutum ya zauna ya yi lissafi ba. Kullum ana dab da rufewa, kullum kai ne kusan mai nasara, kullum saura ƙiris. Sannan ba a nuna maka kuɗinka da dala. An riga an mayar da shi lambobin tayi tun lokacin da ka sayi ƙunshin, kuma dannawa ba ta da zafin ciro kuɗi daga aljihu. Wasu shafukan har sukan sa ƙunshin tayin kansa a gwanjo, ka kashe tayi don ka ci tayi, ka sake zuba shi a wani gwanjon. Swoopo kuma a zamaninsa yana da wata na'urar tayi mai suna BidButler, wadda za ka ba ta umarni ta riƙa danna maka ko kana barci. Idan irin waɗannan na'urori biyu suka haɗu a gwanjo ɗaya, cikin ɗan lokaci sai su cinye tayin masu su ƙurmus.

To su wa ke cin nasara? Wasu masu bincike biyu, Zhongmin Wang da Minbo Xu, sun yi nazarin wani shafi mai suna BigDeal, suka gano cewa ribar shafin daga sababbin shiga take fitowa, waɗanda ke zuwa su yi asara su tafi ba su dawo ba, wasu sababbin su maye gurbinsu. 'Yan ƙalilan ne ƙwararru da ke cin riba. Irin waɗannan sun san lokacin da jama'a ke raguwa, suna da ƙunshin tayi mai yawa, kuma sukan yi suna da taurin kai da gangan, ta yadda duk wanda ya ga sunansu a gwanjo zai janye. Wannan ma ya bayyana dalilin mutuwar shafuka da yawa. Harkar da ke rayuwa da baƙi dole ta riƙa kashe maƙudan kuɗi a talla, kuma ranar da baƙi suka daina zuwa, ƙwararrun su cinye mai shafin.

Idan kuma da maguɗi a ciki

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu a kan shafin da ke bin ƙa'idarsa ne tsakani da Allah. Amma tsarin ya buɗe wata ƙofa da ke da wuyar tsarewa. Mai tayi ba ya ganin abokan takararsa, sunaye kawai yake gani a allo. Mai shafin shi ke riƙe da agogo, shi ke riƙe da rajista, kuma duk tayin da aka ƙara aljihunsa yake shiga. Me zai hana shi ƙirƙiro sunan bogi ya danna a sakan na ƙarshe?

An kama masu yin hakan. A 2010 ofishin babban lauyan gwamnatin jihar Washington ya sa aka rufe wani shafi mai suna PennyBiddr bisa zargin amfani da manhaja mai tayin ƙarya, kuma a 2013 ofishin ya cimma irin wannan matsaya da wani shafin, ArrowOutlet. A jihar Georgia hukuma ta tilasta wa shafin Wavee mayar wa mutane kuɗi a 2011, bayan koke-koken rashin aiko da kaya da cire kuɗi daga katin banki ba tare da mutum ya fahimta ba. A shekarar ce hukumar kare masu sayayya ta tarayyar Amurka, FTC, ta fitar da gargaɗi kan waɗannan shafuka, ƙungiyar Better Business Bureau kuma ta sa gwanjon kwabo cikin jerin manyan damfarori goma na shekarar.

A Japan abin ya fi muni. A watan Disambar 2012 'yan sanda suka kama masu gudanar da wani shafi mai suna World Auction. An tsara manhajar ta yadda sunayen bogi za su ci gaba da tayi har sai farashi ya kai yen miliyan 10, wato a zahiri babu mahalukin da zai taɓa cin kayan. Sai kuma aka gano cewa wasu fitattun taurarin talabijin sun rubuta wa masoyansu cewa sun ci kaya a irin wannan gwanjo a farashi mai rahusa, alhali ba su taya komai ba, roƙonsu aka yi ko aka biya su. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan wala-wala a tasha ya san wannan aiki: wanda ke ta ci yana tsallen murna a gaban jama'a, nasu ne. Wannan badaƙala ta sa batun tallar ɓoye ya zama zancen ƙasa a Japan, ko da yake sai a watan Oktoban 2023 hukuma ta haramta irin wannan talla a fili.

Mafi girman ɓarna da aka yi da sunan gwanjon kwabo kuwa ba ta wajen tayi ta zo ba. A wani ƙaramin gari mai suna Lexington a jihar North Carolina, wani dattijo, Paul Burks, yana da shafin gwanjo mai suna Zeekler. Sai ya buɗe wani reshe, ZeekRewards, ya ce wa jama'a su zuba jari ta hanyar sayen tayi su raba wa wasu, a riƙa ba su kaso daga ribar gwanjon, kimanin kashi 1.5 cikin ɗari a kowace rana. A watan Agustan 2012 hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka, SEC, ta rufe shi. Ta ce damfara ce ta dala miliyan 600 da ta shafi kusan mutum miliyan ɗaya, kuma kimanin kashi 98 cikin ɗari na kuɗin da ke shigowa daga sababbin masu zuba jari ne, ba daga gwanjo ba. Da kuɗin na baya ake biyan na gaba, irin abin da 'yan Najeriya suka ɗanɗana lokacin da tsarin zuba jari na MMM ya daskarar da asusun mutane a Disambar 2016. A 2017 aka yanke wa Burks ɗaurin shekara 14 da wata 8. Abin lura a nan shi ne, labarin ya karɓu ne saboda mutane sun riga sun ji cewa masu gwanjon kwabo na kwasar riba. Sun yarda su zama abokan tarayyar mai kwasa.

Gyaran da aka yi, da iyakarsa

Shafukan da suka daɗe sun ƙara wani abu don kare kansu daga zargin caca: idan ka faɗi gwanjo, kana iya sayen kayan a cikakken farashin da shafin ya sa. A QuiBids an riƙa cire kuɗin tayin da ka kashe daga farashin. A DealDash ana mayar maka da tayinka ka sake amfani da shi. Adalci ne a ce wannan ya rage haɗari. Mutumin da dama ya yi niyyar sayen kayan, yana da cikakken kuɗinsa a hannu, kuma ya tabbatar farashin shafin daidai yake da na kasuwa, asararsa ba za ta yi yawa ba.

Sai dai sharuɗɗan nan uku ba su cika haɗuwa a kan mutum ɗaya ba. Wanda talla ta jawo da alkawarin kwamfutar dala 40 galibi ba shi da dala 500 a ajiye. Kuma farashin da shafi ya rubuta shi ne ya rubuta shi. A 2017 ƙungiyar Truth in Advertising ta Amurka ta kai ƙarar DealDash gaban FTC, tana zargin cewa da yawa daga kayan da ake tallatawa a matsayin na alfarma masu tsada, na wasu tambura ne da ke da alaƙa da wanda ya kafa kamfanin, William Wolfram, kuma da wuya a same su a wata kasuwa da za a gwada farashi. Kamfanin bai amince da zargin ba. Amma ko ba a yanke hukunci ba, tambayar tana nan: ragin kashi 90 daga wane farashi? Idan mai sayarwa ne kaɗai ya san ƙimar kayan, ragin ba shi da ma'auni.

To caca ce ko ciniki?

Kamfanonin sun dage cewa ba caca ba ce, domin akwai ƙwarewa a ciki, kuma babu ƙuri'ar da ake jefawa. Hukumomi a ƙasashe da yawa sun bar su a kan haka, suka taƙaita ga hukunta maguɗi da tallar yaudara. Ni ban gamsu da wannan hujja ba. Mai dannawa yana biyan kuɗin da ba zai dawo ba, don samun abin da ya fi shi daraja nesa ba kusa ba, kuma samun ya dogara ne ga abin da ba zai iya sani ba, wato ko akwai wani a wani gari da zai danna cikin sakan 10 masu zuwa. Abin da mai nasara ya samu daga aljihun waɗanda suka faɗi ya fito, mai gida kuma ya cire kasonsa. Kasancewar wasu sun fi wasu iyawa bai canza komai ba, a teburin karta ma akwai gwanaye.

Wata shari'ar haraji ce ta fito da zahirin lamarin, ba tare da ta nufi haka ba. Kamfanin Marcandi, mai shafin MadBid, ya yi jayayya da hukumar harajin Birtaniya kan ko kuɗin da mutane ke sayen tayi da shi yana cikin abin da ake cire wa harajin kayan masarufi. Kamfanin ya ce sayen tayin sharar fage ce kawai ta sayen kaya. A ranar 5 ga Yulin 2018 Kotun Tarayyar Turai ta ce a'a: damar yin tayi hidima ce mai zaman kanta da ake sayarwa, dabam da kayan da ake gwanjonsu. Wato a idon doka ma, wanda ya danna sau 100 ya faɗi ba a zalunce shi da rashin kaya ba, domin dama ba kaya ya saya ba. Dannawar ya saya, kuma an ba shi.

Ga mai karatu Musulmi akwai ma'aunin da ya riga wannan harka zuwa. Malaman fiƙihu sun halatta cinikin ƙarin tayi tun da daɗewa, kuma hadisi ingantacce ya hana najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba don yana son saye ba sai don ya ruɗi wani ya ƙara. Tayin manhajar bogi najashi ne ƙarara. Amma ko a shafin da babu bogi akwai magana. A zamanta na takwas a Brunei, a watan Yunin 1993, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta fitar da matsaya kan gwanjo. Ta ce ya halatta a nemi mai shiga ya ajiye kuɗin jingina, amma wajibi ne a mayar wa duk wanda bai yi nasara ba, a kuma lissafa shi cikin farashi ga wanda ya yi. Ta ce babu laifi a karɓi kuɗin shiga na takardar sharuɗɗa, matuƙar bai wuce ainihin ƙimar takardar ba. Majalisar ba ta yi magana a kan gwanjon kwabo ba, tunda shekara 12 kafin a kafa Telebid ta zauna. Amma a misalinmu na kwamfutar dala 500, dala 2,400 daga cikin 2,440 da kamfani ya karɓa kuɗin tayi ne, ba a mayar wa waɗanda suka faɗi ko sisi ba, ba a cire wa mai nasara nasa daga farashi ba, kuma babu wata takarda ko hidimar da ta ci wannan kuɗin.